Watannin da Mesar Auta Ta Ƙi Abinci

Shekarar da Auta ya samu aiki a Jidda, ya tafi ya bar mini mesa a ɗakinsa. Auta shi ne na ƙarshe a 'ya'yana, a nan Makka na haife shi, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Tun yana ƙarami yake kwaso mini halittu, yau ƙadangare a kwali, gobe 'yar kyanwa mai ido ɗaya daga bayan masallaci. Lokacin muna Nakkasa a saman dutse akwai tsakar gida, akwai inda za a ajiye irin wannan tarkace a manta da shi. Da aka rushe unguwar muka dawo Rusaifa, shigga, wato sashen gidan bene, mai ɗaki uku a hawa na biyu, na ce shi ke nan an huta. Ashe girma ƙara masa ya yi. Wata rana sai ga shi da akwatin gilashi, abokinsa na biye da shi riƙe da jakar ƙyalle tana motsi.

Ba irin mesar da ake ba mu labari muna yara ba ce, mai haɗiye akuya. Tsawonta bai fi na sallaya ba, kaurinta kamar damtsena, ba ta da dafi, in ta tsorata ma dunƙulewa take ta cusa kanta a tsakiya kamar ƙullin wanki. Amma ga mahaifinsa duk ɗaya ne. Malam, maigidana, shekara da shekaru ya yi yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a saman benayen garin nan, rana na dukan ƙeyarsa, har gwiwa ta zaunar da shi a gida. Mutum ne marar yawan magana, amma ranar ya yi ta. Ya ce gidan da ake salla ba a kiwon abin da yake ja da ciki. Auta ya ce ba ta cutar da kowa. Malam ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka ɗakin ba muddin halittar tana ciki. Daga ranar tsakaninsu sai sallama da amsa sallama, a kan ledar cin abinci ma ni ce mai miƙa wa wannan gishiri daga gaban wancan.

Da aikin Jidda ya zo, masaukin da kamfanin ya ba su ba a yarda da dabba ba. Auta ya ce mini in ya gama watannin gwaji, ko dai ya kama shigga a can ya kwashe kayansa gaba ɗaya, ko ya dawo gida ya riƙa zuwa dawam, wato wurin aiki, da safe yana dawowa da yamma, tunda hanyar ba nisa. Na tambaye shi wanne ya fi so. Yana ɗaure igiyar takalmi ya ce, bai ɗago kai ba:

“Ummi, in ta iya zama lafiya a gidan nan, ni ma zan iya.”

Ni kuwa yayyensa duk sun yi aure sun watse, wata a Madina, wani a Riyad. Ba na son fita, Harami da asibiti su ne iyakata, gida shi ne duniyata, kuma gida ba ɗa a ciki ban san sunansa ba. Saboda haka na karɓi amanar mesa da hannu biyu, ni da ko kyankyaso sai na kira wani ya kashe mini.

Auta ya koya mini komai kafin ya tafi. Abincinta ɓera ne, ana saye a daskare daga shagon masu tsuntsaye. Na ce ba a tallajata ba, wato firijina, ba kusa da namana ba, ya sayo wata 'yar ƙarama ya ajiye a ɗakinsa. Juma'a ɗaya a ba ta, Juma'a ɗaya a tsallake. A jiƙa ɓeran a ruwan ɗumi har ya saki, a riƙe shi da dogon matsefi a ɗan kaɗa mata. In ta ci a ƙyale ta kwana biyu kada a taɓa. A ƙarƙashin gefe ɗaya na gilashin akwai wata 'yar tabarma ta lantarki mai ba da ɗumi, in zafi ya isa tana kashe kanta, ya ce kada a zare ta ko da wasa. Kada a kunna mukayyif ɗin ɗakin, a bar ƙofa a ɗan buɗe, sanyin da ke shigowa daga falo ya ishe ta. Sannan duk sabon wata in sa ta a roba mai murfi in ɗora a ma'aunin kicin. Ya san ni da lambobi ba ma shiri, sai ya ɗiga jan farcen yayarsa a kan fuskar ma'aunin, ya ce in dai allurar tana kusa da ɗigon, lafiya lau.

Gaskiya tsarin nan rowa na ɗauke shi. Mu da muka taso, uwata ta goyo ni ta Chadi da Sudan har ta kawo ni nan, abin da ta fi tsana a duniya shi ne mai rai ya kwana a ƙarƙashin rufinta ciki ba komai. A ce wai abu yana numfashi a gidana, sai bayan mako biyu zai ga abinci. Amma na bi yadda aka ce, kuma da farko komai ya tafi daidai. Ina miƙa mata sai ta cafke ta naɗe, ni kuma in fita da gudu ina salati.

Da zafi ya kankama, wata Juma'a ta ci, ranar Lahadi na shiga na tarar ta amayar da shi. Warin sai da ya kai falo. Na kwashe, na wanke, na kira Auta a jawwal, wato wayar hannu. Ya ce yakan faru, in bar ta ta huta sosai kafin in sake gwadawa. Da lokacin ya yi na gwada, ta fito da harshe ta shinshina, ta juya kai ta koma cikin kogon robarta. Na gaba ma haka. Na jefar da ɓera a bola har na fara jin kunyar mai kwashe shara.

Auta bai damu ba. Ya ce manyansu suna yin haka, sukan yi watanni ba su ci ba, musamman in za su yi saɓa ko in sanyi ya shigo, kada in riƙa damun ta da abinci kullum don hakan ƙara tsorata ta yake. Abin dubawa shi ne nauyinta da bayanta, in ƙashin baya ya fara fitowa kamar doron kwanon rufi to a nan ne magana. Na ce to. Amma na ajiye wayar ina cewa a raina, wane sanyi a Makka a watan da kwalta take narkewa? Kuma saɓa na gan ta tana yi a baya, idonta yana yin fari-fari kamar madara, yanzu idon garau yake.

Wanda na fara zargi mai shagon ne. Na ce ƙila tsohon kaya ya haɗa mu da shi, ya ga tsohuwa ba ta san komai ba. Na sa Auta ya yi wa wani shagon magana aka kawo sabo har ƙofa. Ba ta kalle shi ba. Na gwada mata ɗanyen ƙwai, don mun taso muna jin maciji yana shan ƙwan kaza. Na gwada hantar kaza. Na zuba mata zamzam a kwanon ruwanta na yi bismilla. Waɗannan ban faɗa wa Auta ba, na san abin da zai ce.

Sai zargina ya koma kan ƙanwar Malam. A Misfala take, tana haɗa turaren wuta da lalle tana sayar wa alhazai, duk Juma'a bayan an sauko masallaci a gidanmu take cin abincin rana. Tsakanina da ita wasa ne tun ina amarya, matarmu take kirana, kuma bakinta ba ƙofa. Da na ba ta labari ta ajiye cokali ta ce ai ta gani a jawwal, wata mata a wata ƙasa macijinta ya daina ci, ashe wuri yake gyarawa a cikinsa, yana zuwa yana miƙewa kusa da ita yana auna tsawonta.

“Auna ki take, matarmu,” in ji ta. “Amma ki kwantar da hankalinki. Da jikin nan naki sai ta yi shekara uku tana azumi kafin ki shiga.”

Na yi dariya, Malam ma ya murmusa a cikin gemu. Amma da ta tafi na zauna ina tuno abubuwa. Na tuna ranar da ta leƙa gilashin ta ce kai, wannan ƙiba haka, ba ta ce masha Allah ba. Na tuna duk zuwanta sai ta zuba garwashi a kasko ta zagaya mini ɗakuna da sabon haɗinta, kuma tana daɗewa a bakin ƙofar Auta, wai tana korar ƙarni. Me take zubawa a kaskon nan? Mai haɗa turare ta san abin da ke kiran mutum, ta san abin da ke korar ƙwari. Kuma 'yar'uwar Malam ce, ciki ɗaya, duk abin da yake so a gidan nan ita ma shi take so. Juma'ar da ta biyo baya tana ɗaukar kasko na ce mata a bar turaren, ƙirjina ba ya so kwanan nan. Ta dube ni, ta dubi ƙofar Auta, ta gane. Ta ce ashe yanzu maciji ya fi dangin miji daraja a gidan. Ta ci abinci kaɗan, ta yafa abayarta ta tafi, ta kuma ɗauke ƙafa.

Turare ya tsaya, mesa ba ta ci ba. Da wata ya kama na ɗora ta a ma'auni, allura ta tsaya ƙasa da jan ɗigon. Watan da ya biyo ta ƙara sauka. Na shafa bayanta da yatsa, na ji ƙashin ya fara tasowa. Da Auta ya tambaya na ce ta ɗan ragu, shi ya ji kaɗan, ni na san kaɗan ɗin ya fara yawa. Ina ƙirga watannin gwajinsa a raina, suna ƙarewa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina kicin nake sanin wane maƙwabci ne ke hawa bene daga takunsa. Kowane mukayyif a gidan nan na san muryarsa, na falo yana gurnani, na ɗakinmu yana huci, na ɗakin Auta kuwa tun da muka tare yake da wani kakari kamar tsoho mai tari. Wata safiya ina canza wa mesar ruwa na ji wani sauti siriri, kamar yaro yana koyon fito. Na kashe fankar falo na dawo na kara kunne a murfin. Daga hancinta yake fitowa, duk numfashi sai ta yi shi. Mura ce, ko a jikin wa na ji ta na san ta. To mura a ɗakin da ba a kunna sanyi, daga ina?

Ranar da yamma na fita baranda kwashe shanya. Ina da tukunyar na'ana'a a can, a ƙarƙashin bututun mukayyif ɗin ɗakin Auta na ajiye ta tun asali don ruwan da ke ɗiga ya riƙa shayar da ita. Tun da ya tafi ni nake zuba mata, kuma kwanakin nan hankalina ya tafi wani wuri na manta da ita. Na same ta kore shar, ƙasar jiƙe. Na sa yatsa a bakin bututun, ɗigon ruwa ya sauko mini, mai sanyi.

Na tsaya da zanin gado a kafaɗa ina tunani. Ana kunna shi ke nan, kuma ban taɓa jin kakarinsa ba. Na'urar da ta yi shekaru tana tari ba ta warkewa da kanta. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya san yadda ake rufe mata baki, kuma lokaci ɗaya ne kunnena yake hutawa, barcin da nake yi tsakanin azahar da la'asar, ƙofa a rufe, namu mukayyif ɗin yana huci a kaina.

Washegari na yi azahar na kwanta kamar kullum, na juya wa ƙofa baya. Na ji Malam ya tashi, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ja ƙofa a hankali. Na ba shi lokaci, sannan na bi shi ba takalmi. Ƙofar Auta a rufe ruf. Da na tura, sanyi ya mare ni kamar na buɗe tallaja. Malam yana zaune a kujerar Auta da carbi a hannu, ya fuskanci gilashin, wayar 'yar tabarmar ɗumi tana ƙasa a zare.

Na ce, “Malam, ashe rantsuwa ta faɗi.”

Bai firgita ba. Ya ce, “Na yi kaffara tuntuni, Hajiya.”

Sai ya yi mini bayani, a hankali, kamar yana yi wa mai gida bayanin abin da ya lalace a na'urarsa. Ya ce farkon zafi ya zo wucewa ya ji ɗakin ya yi ɗumi, ya shiga ya sa hannu a ƙarƙashin gilashin ya ji kamar kaskon tuya. A Makka, a wannan wata, yaro ya kunna wa dabba wuta a ƙarƙashin ciki ya kulle ta ba hanyar gudu. Ya ce shi ya san abin da rana take yi wa mai rai, ya ga ƙato ya faɗi a saman bene yana kumfa. Ba ya son halittar, har gobe ba ya son ta, amma ba za a tambaye shi ranar lahira a kan dabbar da aka gasa a gidansa yana kallo ba. Shi ya sa kullum yake ba ta sanyi na ɗan lokaci ta huta.

Maganar ta yi kama da shi. Mutumin nan ko ɗan aike ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, kafin ya amsa sallama ya ce a kawo ruwan sanyi a ƙara mukayyif. A wurinsa sanyi shi ne karamci, shi ne rahama. Amma ina tsaye a wurin na tuna wani labari da ya ba mu da daɗewa a Nakkasa, na ranar da aka kira shi gyara a wani ɗakin sanyi na 'yan kayan lambu, ya tarar da maciji a bayan kwali ya sandare, ya ɗauke shi da hannu kamar sanda. Har kwaikwayo ya yi mana muna dariya. Wanda ya ga wannan da idonsa, a ce bai san abin da sanyi yake yi wa maciji ba? Na tambaye shi me ya sa yake mayar da wayar ya kashe komai kafin in tashi, me ya sa ya gyara kakarin. Ya ce kunya, namiji ya rantse a gaban iyalinsa sannan a gan shi yana jinyar abin da ya rantse a kai. Wannan ma ya yi kama da shi. Abin da ya dame ni ke nan, duk ta inda na juya maganar sai ta zauna daidai.

Na kashe mukayyif, na mayar da waya, na buɗe ƙofa. Na san in Auta ya ji zai iya zuwa ya ɗauki mesarsa da akwatinsa, shi ke nan sai dai mu gan shi da salla. In kuma na yi shiru, fiton nan ba zai warke da zamzam ba, likita take buƙata, kuma likita zai tambayi yadda aka yi. Na ɗauko jawwal na danna hoton Auta na miƙa wa Malam.

“Ko ka faɗa masa da bakinka, ko ni in faɗa da nawa. Kuma ka san nawa ya fi tsawo.”

Ya karɓa. Da Hausa ya fara, da ya zo wurin da ya yi nauyi sai ya koma Larabci. Sannan na ji Auta ya ce, Abuya, ita jikinta ba ya yin ɗumi da kansa, in ta yi sanyi abinci ruɓewa yake a cikinta. Malam ya ce bai sani ba. Na kalli fuskarsa lokacin da ya faɗa, ban karanta komai ba.

Ranar Alhamis Auta yana tashi daga dawam ya iso. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki mesar ya kara a kunne, ya shafa bayanta, ya sa ta a jakar ƙyalle ya sa a kwali, ya ce akwai likitan irinsu a Jidda. Na ga idonsa ya zagaya ɗakin yana kallon sauran kayansa. Yana fitowa falo ya tarar da Malam ya sa takalmi da hula yana jiran sa. Malam ya ce mai tuƙi ba ya riƙe kaya. Auta ya miƙa masa kwalin.

Ban bi su ba, daga baya na ji labarin a bakin Auta. Wai tun daga Rusaifa har Jidda Malam bai bari an kunna sanyin mota ba, kwali a kan gwiwa, hannu biyu a kan murfi, gumi yana bin gemunsa yana ɗiga a kwalin. A shingen hanya jami'in ya leƙo ya tambaya ko tsohon ba shi da lafiya ne. Sun dawo bayan magariba rigunansu kamar an tsamo su daga ruwa, suna musu a kan wace hanya ta fi sauri, musu na sosai, irin wanda na yi watanni ban ji a gidan ba.

Likita ya rubuta allurai da za a riƙa yi mata lokaci-lokaci, ni kuma na ce ko za a yanka ni ba zan soka wa maciji allura ba. Dole Auta ya riƙa zuwa. In ya zo sai ya ce gajiya, bari ya kwana ya wuce da asuba. Na fara ganin rigunansa a kwandon wanki. Fiton ya ɗauke, amma ci bai dawo da wuri ba, sai da zafi ya fara sauka, wata Juma'a Auta ya kaɗa mata ɗan ƙaramin ɓera ta cafke. Allurar ma'auni ta daɗe kafin ta koma wurin ɗigon. Watannin gwaji suka ƙare, ban tambaye shi me ya yanke ba, shi ma bai ce ba, na dai ga ya shigo da babbar jakarsa ya tura ƙarƙashin gado.

Ƙanwar Malam sai da na aika mata da kwanon dambu sau biyu kafin ta dawo. Ta zauna ta ji labari tas, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da kaskon garwashi aka kora, ga mai ƙanƙara yana kwana a gadona. Har yau in ta zo sai ta tsaya a ƙofar Auta ta ce masha Allah da ƙarfi don in ji.

Sau ɗaya na tambayi Malam kai tsaye, muna shan shayi mu biyu, Auta yana wurin aiki. Na ce tsakaninsa da Allah, tausayi ne ko kuwa so ya yi ta tafi a hankali ba wanda zai ce shi ne. Ya hura shayinsa ya kurɓa, ya ce da kashe ta yake so ai taɓarya tana kicin, ta fi sauri. Na ce taɓarya tana da ƙara, kuma tana barin alama. Ya dube ni ta saman kofi, ya ce shayin nan sukari bai ji ba. Na tashi na ɗauko masa.